Fuskar Wakil a Bangon Pantami

Ya Falmata na tsugune gaban kasko tana soya itacen turaren wuta, sai ga maƙwabciyarta Hassana ta faɗo gidan ko sallama babu, mayafi a hannu.

"Ya Falmata, tashi! 'Yan sintiri sun kama Wakil!"

"Wane Wakil ɗin?"

"Wakil nawa gare ki? Ƙaninki mai wankin hula! Wai hotonsa ne a bango, hukuma na nemansa."

Ko kaskon ba ta sauke ba. Ta zari hijabi ta fita, takalmi ƙafa ɗaya nata, ɗaya na Hassana. Ba ta yi nisa ba ta gani da idonta. A katangar bayan filin wasa na Pantami, a jikin turken lantarki, har a ƙofar shagon mai cajin waya, ga fuskar Wakil nan ya haɗe rai. A samanta an rubuta da manyan baƙaƙe: ANA NEMANSA RUWA A JALLO. A ƙasa kuma: Ɗan leƙen asirin 'yan ta'adda ne, wanda ya gan shi ya sanar. Har da wani jan hatimi.

Nan take ta gane. Aikin 'yan fim ne.

Shekarar nan kuwa ba ta wasa ba ce. Bai daɗe ba da bam ya tashi a tasha, kowa a Gombe kallon jakar kowa yake yi. Su da suka gudo daga Borno, in suka buɗe baki aka ji harshensu, sai an ƙara musu kallo na biyu. A haka wani darakta mai suna Dalhatu ya kawo wankin hula, ya ƙare wa Wakil kallo ya ce ya samu mugun da zai fito a fim ɗinsa na leƙen asiri, Baƙon Gabukka. Fim ɗin da daga baya har yara suka haddace maganganunsa. Ya Falmata ta hana, Wakil ya nace, wai shi ma a gan shi a talabijin.

Ofishin 'yan sintirin wani tsohon shago ne, jama'a sun yi masa zobe. Ta kutsa da gwiwar hannu. Wakil na zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar shanya, leɓensa ya kumbura.

"Ya Falmata, na gaya musu fim ne, sun ƙi ji," in ji shi.

Kwamanda Abdullahi, shugaban 'yan sintirin, ya ɗago takardar. "Baiwar Allah, wannan ba shi ba ne?"

"Shi ne. Amma wasan kwaikwayo ne!"

"Ina aka rubuta wasa a nan? Nuna min. Na karanta sama, na karanta ƙasa, har bayanta na juya." Ya sassauta murya. "Na riga na buga wa jami'an tsaro waya, sun ce bayan azahar za su zo. In fim ne, kawo masu fim ɗin da kayansu kafin motar ta iso. In ta iso, ya fita daga hannuna."

Ba sai an yi mata bayani ba. Ta san mutanen garinsu da suka hau irin wannan mota domin amsa tambaya, har yau iyalansu na jira.

Ta tari Keke Napep zuwa unguwar Arawa, gidan da Wakil ya ce a can ake ɗaukar fim yau. Mai gadi ya ce ba a shiga, ta wuce shi kamar ba da ita yake ba. A falo ta tarar da su: fitilu a kunne da rana tsaka, waya ta ko'ina a ƙasa, jarumar fim ɗin Fatiha sanye da baƙin tabarau tana nuna wa wani mai kwat bindigar katako. Dalhatu na kan kujera, ƙaramar lasifika a cinyarsa.

"Kat! Wace ce wannan ta shigo min shot, gaban kyamara?"

"Ni ce yayar wanda ka liƙa a bango."

Ta zayyana masa abin da ya faru. Dalhatu ya dafe kai, amma ba don abin da ta zata ba.

"Kar dai a ce sun yage takardun?"

"Me ka ce?"

"Hajiya, ki fahimta. Jiya muna cikin ɗaukar sin, wato fitowar Pantami, lokacin hana zirga-zirga ya gabato, dole muka tashi. A aikinmu in ba a gama sin ba, ko tsinke ba a taɓawa, yadda aka bar wurin haka za a dawo a same shi. Kwantiniti ke nan. In takarda ta karkace hagu jiya, yau ta karkace dama, 'yan kallo sai sun gane."

"'Yan kallo." Ta maimaita a hankali. "Ka bar fuskar Babarbare a titi, da hatimi, a wannan zamani, ta kwana ta wuni, don kar takarda ta karkace?"

"Za a warware, wallahi. Ina da wani a sama, zan kira shi. Bari mu ƙarasa wannan, mai gidan zuwa la'asar kawai ya ba mu aro."

"Ɗauko na'urarka mu tafi yanzu."

Ya matso ya rage murya. Ba su da takardar izinin ɗauka a titi. Akwai kakin soja na bogi a but ɗin motarsa. In ya kai kansa, kyamara za a ƙwace, shi kuma a haɗa da shi. Ta yi haƙuri, ta je ta zauna a waje, a kawo mata lemo.

Ya koma kujerarsa ya ɗaga lasifika. "Shiru! Akshin!"

Fatiha ta ɗaga bindiga. Ya Falmata ta taka har tsakiyar falon ta tsaya gaban kyamara, ta riƙe ƙugu.

"Kat! Hajiya, don girman Allah!"

Aka lallaɓa ta gefe. Akshin. Ta dawo. Wannan karon zama ta yi daram a kan teburin da aka jera taswirar bogi.

"Yau sai dai ka yi fim ɗin da ni. Ƙanina na ɗaure da igiyar shanya, kai kana nan kana harbi da katako!"

Fatiha ta cire tabarau ta ajiye bindigar. "Darakta, ni fa na fasa. Jiya Wakil ne ya tsaya ya samo min Keke da kuka watse kuka bar ni."

Mai kyamara, wani dogon Batangale mai suna Matiyu, ya sunkuya. Kwance kyamarar kawai ya shiga yi daga kan ƙafafunta.

"Matiyu! Kayan haya ne fa!"

"Oga, da hannuna na shafa kokon da aka liƙa takardun nan. Na ce maka mu rubuta fim ne a ƙasa, ka ce zai ɓata shot." Ya rungumi kyamarar. "Mama, mu je."

Ana kiran sallar azahar suka iso Pantami. Jama'a sun ninka. Matiyu ya buɗe ɗan allon kyamarar, Kwamanda Abdullahi da yaransa suka yi cincirindo a kai. Ga Wakil a jikin katangar nan, yana waige-waige, ya miƙa wa wani baƙar jaka, ya ce da kakkausar murya, "Gobe war haka garin nan zai san mu."

"Kun ji ko!" wani ya yi ihu daga baya. "Da bakinsa ya faɗa!"

Taron ya motsa. Wani ya ɗaga gora. Ya Falmata ta gane: shaidar da ta sha wuya ta kawo ita za ta kashe shi. Ta sha gaban Wakil ta baza hannuwa.

"Ku bari ya ci gaba! Matiyu, kar ka tsayar!"

Hoton ya ci gaba. Sai ga muryar Dalhatu ta fasa lasifika: "Kat! Wakil, Hausarka ta yi kyau da yawa. Karya ta! Sa Barbarci sosai, shi ne zai tsorata mutane!" A allon Wakil ya sosa ƙeya ya ce, "Darakta, a yi sauri don Allah, na bar hulunan mutane a rana." Wani ya shigo yana shafa masa hoda a goshi.

Wani a cikin taron ya tuntsire da dariya, saura suka ɗauka. Mai gorar ya sauke ta yana kallon gefe. Ya Falmata ba ta yi dariya ba. Ashe abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan. Harshen da suke ɓoyewa a kasuwa don a bar su su zauna lafiya, shi aka saya a tsorata mutane da shi.

Kwamanda ya kwance igiyar da kansa, ya koma gefe da waya a kunne yana ta "Yallaɓai, kuskure ne, 'yan wasa ne." Da ya gama ya share gumi. "Jami'an sun juya. Amma ku sani, duk wanda ya ga takardar nan bai ga wannan hoton ba. A nan kawai kuka liƙa?"

Matiyu ya sunkuyar da kai. "Akwai a Gabukka. Da hanyar kasuwa."

Daidai nan motar Dalhatu ta tsaya, can nesa, bayan ya tabbatar ƙura ta lafa. Ya fito yana murmushi, lasifika rataye a wuya.

"Alhamdu lillahi! Ban ce za a warware ba? Wakil, sannu. Kai, wannan leɓen zai ba mu matsala gobe, amma hoda za ta..."

"Babu gobe," in ji Wakil.

Ya Falmata ta karɓi bokiti a wurin mai shayi, ta cika shi da ruwa, ta dire a gaban takalmin Dalhatu har ya fantsal masa a wando.

"Ɗauka. Bango bango za ka bi ka kankare, daga nan har Gabukka. Wannan abin da ke wuyanka kuma, da shi za ka gaya wa kowa abin da ka yi."

"Haba Hajiya, ni fa darakta ne. Akwai yara..."

"Ko ka ɗauka, ko mu leƙa but ɗin motarka," in ji Kwamanda, don Matiyu ya riga ya raɗa masa.

Ya ɗauka. Suka bi titin Pantami da tsakar rana, Dalhatu a gaba da bokiti, Matiyu da 'yan sintiri biyu a gefe, Ya Falmata a bayansa taku da taku. A katangar farko ya kai lasifika baki ya yi ƙasa da murya.

"Jama'a, hoton nan na fim ne, a yi haƙuri."

"Ba haka ba," in ji ta. "Faɗi sunansa. Ka ce Wakil mai wankin hula ba shi da laifin komai, kai ne ka liƙa. Kuma ka ɗaga murya, na cikin gida ba su ji ba."