Hannun Biba

Illo ya shiga layin ƙofar lakwal, makarantar boko, ɗiyarsa Biba na biye da shi. Yunwa ta sa hasumiyar masallacin Agadas tana rawa a idonsa kamar a cikin ruwa. Shekarar fari ce, wadda soji suka karɓi mulki. Mu da muka fito daga cikinta da ƙafafunmu, ba a kawo mana labarin wahala.

Ƙanin matar Illo, Bahago, direban kamiyo, babbar motar kaya, daga Katsina, zai juya da la'asar, kuma ya nemi a ba shi Biba riƙo. Ya ce can Nijeriya iyaye da kansu ke kai yara makaranta, a fara musu karatu da Hausa, da azahar yarinya ta ɗau tallan gyaɗa, ta ci ta ƙoshi. Nan kuwa yaro ya yi Hausa a aji, a rataya masa ƙashi a wuya. Yana faɗi, Illo ya lumshe ido, ya ga Biba cikin koren gero tana tafiya, tana ƙanƙancewa, ba waiwaye.

Rabi, matarsa, ta yanke magana: ko lakwal, inda ake dafa jar dawar taimako kullum, ko kamiyon Bahago. Ba za ta sake binne wata ɗiya ba.

Illo baduku ne, bai taɓa taka aji ba, kuma da haka yake taƙama. A da, masu kamun yara na sa yaro ya ɗora hannu bisa kai. In ya taɓo kunnen ɗaya gefen, ya isa shiga lakwal. Uban Illo ya koya masa ƙage kafaɗa, ya tsira. Shi ma haka yake koya wa yaran unguwa a ƙofar rumfarsa, wanda ya iya ya samu dabino. Biba ba ta cikinsu. 'Yar fari ce, yana kunyarta, bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce "waccan". Daga bayan ƙyaure take kallo.

Layi ya kawo kansu. Mushe Amadou, malamin, ya ce ta ɗora hannu. Biba ta ɗaga, ta ƙage kafaɗa tsaf, yatsunta suka tsaya a tsakar kai. Wallahi ko Illo bai kai ta ba. Ta juyo tana murmushi, tana jiran ya gani.

"Ba ta isa ba, Baba," in ji mushe. "Sai baɗi."

Daga tasha aka ji kukan injin kamiyo. Layi cike da maƙwabta, duk sun san Illo da bakinsa. Ya dubi ƙasa, ya dubi hasumiya, sannan ya tsuguna gabanta.

"Biba," ya ce. "Saki kafaɗar."

Ta waiga hagu da dama, tana neman wanda ya kira ta. Da ta gane, yatsun suka zame a hankali, suka kama kunne har suka wuce. Mushe ya nuna mata ƙofa.

Da la'asar Bahago ya tafi shi kaɗai. Kafin magariba Illo na rumfarsa, yana shaida wa kowa cewa duk Agadas ba yaron da ya kai waccan tsawon hannu.