Albishir Ya Tsallake Ƙofata

Da gudu ta fito daga ɗaki, waya a hannu, ko takalmi babu. Ina tsakar gida ina wanke baƙin mai, dawowata ke nan daga gareji.

"Ke Auta, lafiya?"

"Baba, masu tallafin karatu sun kira ni ganawa!"

Na buɗe baki zan yi mata barka, ashe ba tsayawa za ta yi ba. Ta wuce ni kamar turke, ta faɗa gidan Tsohon Malami, maƙwabcinmu. Aka bar ni da kumfa a hannu.

Tun da ya yi ritaya aikinsa ke nan, ya zauna a baranda da tsohuwar kwamfutarsa yana laluben jami'o'in da ke ɗaukar nauyin ɗalibai. Shi ya nemo wa Auta wannan, shi ya sa ta yi ta sake rubuta bayanin kanta har ta yi kuka. Ni da na haife ta, daga safe zuwa yamma ba abin da nake ji sai "Malam ya ce."

Na bi bayanta. Yana kwance, ciwon ƙoda ya cinye shi, ƙafafu sun kumbura, ɗakin sai warin magani. Ta durƙusa ta miƙa masa wayar.

"Karanta mini, 'yata, idon ya ƙi."

Wai 'yata. Na ji abin har ƙahon zuciya.

Ta karanta, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sai ya hango ni a bakin ƙofa.

"Makanike, ka ga aikin 'yarka?"

"'Yarka dai, Malam." Na so ya fito kamar wasa, bai fito ba.

"Kai, da mai ƙafa ɗaya a kabari kake kishi? Zo ka ɗaga ni, hannunka ya fi nata ƙarfi."

Na ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan. Ya riƙe wuyan rigata, ya yi ƙasa da murya.

"Kada ka bari ta fasa ganawar nan saboda ni. Ka zauna kusa da ita, tana da tsoro."

Ko tsoron nata ma shi ya sani, ba ni ba.

Bai kai ƙarshen mako ba, da hantsi ya cika. Auta ta yi kukan da har na tambayi kaina, Allah ya yafe mini, ko ni zan samu rabinsa.

Tallafin ta same shi daga baya. Amma ranar ganawar na fi tunawa. Na rufe gareji, na dawo gida na zauna a benci na riƙe mata wayar daidai fuskarta, tana amsa tambayoyi da Turancin da ban gane ba. Hannuna ya yi tsami, ban sauke ba. Ta saman katanga ina ganin matar Malam tana shanya rigunansa ɗaya bayan ɗaya, ruwa na ɗiga daga hannayensu.