Bargo da Kwano

Ranar da rediyo ya karanta sunan ɗana cikin waɗanda aka bai wa bursi, wato tallafin karatu, ba na gari. Ina Hawandawaki, wajen zaman makokin ƙanwata. Shekarar 1984 ce, damina ta tsaya tun gero bai kai gwiwa ba, kuma soja ke mulki. Washegari aka sa yaron cikin kamiyo, babbar motar soja, a Tasawa. Bai dawo ba.

Ni ne daraktan lakwal, makarantar boko, a wani ƙauye da ke kusa da Korgom. Mushe Namadi ake ce mini. A shekarar nan aikina bai wuce buɗe aji da safe in ga bencuna wayam ba, don rabin yaran sun bi iyayensu kudu neman abinci, sauran kuma yunwa ta hana su jin bambancin harafi da harafi. Matata Zara'u ta rasu kafin wannan, ta huta da gani. Ta bar mini ɗa guda da bargo guda, saƙar hannu, mai ratsin baƙi, wanda ta zo da shi ranar aurenmu.

Yaron ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka raɗa masa. Saboda haka ni da Zara'u ba mu taɓa kama sunansa ba. Na karanta littattafan Turawa har idona ya lalace, na yi wa al'adu da yawa dariya a gaban allo, amma wannan ɗaya ban taɓa ta ba. In ina son sa sai in ce "kai". Mutanen gari kuma suna ce masa Ɗan Mushe.

Shi ne na farko a garinmu da ya shiga jami'a a Yamai. Da ɗalibai suka yi yajin karatu, suna neman a saki 'yan uwansu da aka kama, sai ya hau kan tebur ya yi magana. Ban san abin da ya ce ba. Na dai san inda ya gaji baki. Aka rufe jami'ar, aka shiga neman waɗanda suka hau tebur, shi kuma ya iso gida a bayan motar albasa, ya rame kamar kara. Na kai shi rugar Cindo, Bafillacen da ya daɗe yana kiwon shanun Zara'u tun suna da rai. Cindo ya ɗora masa malafa, ya ba shi sanda, ya ce daga nesa dai sai a ce Bafillace ne.

Dole in faɗi gaskiyar mutanen garinmu. Kowa ya san inda yaron yake, har matan da ke kai daka. Jandarma suka zo, suka koma, suka sake zuwa. Mai gari Manzo ya ce shi rabonsa da Ɗan Mushe tun Sallar bara. Danda mahauci ya sha mari a gaban rumfarsa, ya shafa kunci ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ka ƙara na biyu, wanda ban gani ba ban gan shi ba." Tsohuwa Ladi maƙwabciyata ta yi kamar kurma, har jandarman ya gaji da ihu. Watanni ana haka. Ba wanda ya nuna hanyar ruga ko da da haɓa.

Rediyon garin nawa ne. In an karanta labaru mutane sukan taru a ƙofar gidana, ni kuma in yi musu fassara. Ba daga Faransanci zuwa Hausa ba, don akwai labarun Hausa. Fassarar daga abin da aka faɗa ce zuwa abin da ake nufi. In an ce hatsi ya wadata, sai in ce su ɓoye iri. Da zan tafi makoki na bar wa Danda rediyon, don shi ke da pil, wato batir.

Na dawo da hantsi a kan jakin aro. Tun daga bakin rijiya na ji guɗa. A shekarar da ba a biki, ba a suna da rago, guɗa ba ƙaramin abin tsoro ba ce. Ladi ce ta tarye ni, zanenta na jan ƙasa.

"Mushe! Albishirinka! Ba ni goro tukuna!"

"Ladi, daga makoki nike. Mi ya faru?"

"Rediyo ya kira Ɗan Mushe! Da sunanshi da na ubanshi, har da sunan garinga! An yahe musu duka. Gwamnati za ta kai su ƙasar waje karatu."

"Wace ƙasa?"

"Ba su hwaɗi ba."

"Karatun mi?"

"Karatu dai, Mushe. Kai ma da tambaya kamar alƙali. An ce kowa ya kai kanshi wajen kumandan a Tasawa yau, ya zo da bargo da kwano."

Na sa ta ta maimaita. Ta maimaita, tana dariya.

"Danda ya ce ƙasar sanyi ce, shi ya sa bargo. Mun shiga ɗakinka mun ɗauko na marigayiya, kada ka yi hushi. Uwa tai za ta so haka."

Na sha jin sanarwar bursi a rediyon nan. Kullum akan ce wane ya samu likitanci a ƙasa kaza, wane aikin gona a ƙasa kaza, ya zo da hotuna da takardar haihuwa. Wanda za a sa cikin jirgi ba a ce masa ya zo da kwanon cin tuwo. Wuri ɗaya na sani da mutum ke zuwa da kwanonsa: kurkuku.

"Ina yaron?"

"Ai tun da asuba gari ya ɗunguma rugar Cindo, har da kalangu. Sun wuce Tasawa da amalanke uku. Ni ƙahwata ce ta hana ni."

Na bar mata jakin a tsaye. Na taka zuwa Korgom, na sami Mumuni, malamin asibiti, mai moto, wato babur. Ya dubi tankinsa, ya girgiza shi kusa da kunne, ya ce isansin, man da ke ciki, na marasa lafiya ne. Na gaya masa maganar kwano. Nan take ya buga moto.

Hanyar yashi ce, moton na rawa, muna sauka muna turawa. Gefe da gefe gonaki ne da gero ya ƙone a tsaye. Mun wuce mushen saniya, ungulu sun ƙoshi har ba su tashi ba. Mun wuce sawun amalanke uku, kuma a kan sawun akwai na dawaki biyu masu takalmin ƙarfe. A ƙasarmu talaka ba ya sa wa doki takalmi. Mumuni ya gani, na gani.

Mun isa Tasawa bayan azahar. A filin ofishin kumandan an zaunar da samari a ƙasa, layi layi, kowa da bargonsa a cinya da kwano a kai. A bayan shingen waya iyaye ne da dangi. Wasu na kiɗa, wasu na rabon goro. Can gefe na hangi wani malami da muka yi makaranta tare, ya jingina da itacen bedi, ya riƙe hularsa a hannu. Muka haɗa ido, kowa ya kau da kai. Kamiyon soja na tsaye, an rufe bayansa da tamfol.

Danda ne ya fara ganina. Ya sa rigarsa ta Sallah.

"Ga uban ango! Mushe, ka ga abin da rediyonka ya yi da ka ba shi wuri? Kai kullum sai ka ce ƙarya ne. Yau fa?"

"Wa ya ce ku je ruga, Danda?"

"Wa zai ce? Mu bar yaro cikin kashin shanu, jirgi ya tashi ba shi? Ai da ka dawo ka tsine muna." Ya matso, ya rage murya kamar mai ba da sirri. "Da ya yi ɗan nawa, ka san ɗiyan boko da kunya. Sai da mai gari ya yi mishi magana."

Mutanen da suka sha mari ba su faɗi ba, su ne suka kai kalangu har ƙofar bukkarsa. Na dubi fuskar Danda, ba komai cikinta sai murna. Da mugunta na gani da na san abin yi.

Wani sarjan ya zo bakin waya, mai fara'a, haƙoransa farare. Ya ce kumandan ya yarda iyaye maza su shiga su sa wa 'ya'yansu albarka. "Amma da Hausa, baba, kuma da ƙarfi. Albarka ba a yin ta da raɗa."

Na shiga. Yaron yana layi na biyu, har yanzu da malafar Cindo a kansa. Bargon Zara'u na kan cinyarsa, ya ɗora tafin hannu a kai. Ya tashi, ya rusuna. Sarjan ya tsaya a kafaɗata, ina jin warin sigarinsa.

"Baba, ka iso. Yaya haƙurin Gwaggo?"

"Da godiya." Na dubi kwanon. Ƙaramin kwanon sha ne na Ladi, mai tsaguwa a baki. "Kai, wannan zai ishe ka?"

"Zai isa, Baba. Na san irin abincin ƙasar."

Ya faɗe shi yana kallon idona. Sai na gane ban zo da labarin da bai sani ba.

"Ka ji sanarwar da kunnenka?"

"An maimaita mini ita a ruga. Gari duka ya zo. Har gardin kumandan biyu a kan dawaki suka raka su, don girmamawa." Ya yi murmushi saboda sarjan. "Sun ga shanun Cindo, sun yaba. Kuma kumandan ya aiko wa mai gari cewa garin da ɗansa ya amsa kira, shi za a fara ba dawar taimako. Ka ga alheri biyu ke nan."

"Alheri biyu," na ce.

"Yaro mai hankali," in ji sarjan. "Baba, sa albarka, rana na yi."

Na ɗora hannu a kan malafar. Na ce Allah ya tsare, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ni da na shekara talatin ina koya wa yara magana, abin da na samu ke nan. Ya ce amin. Ya ce in gai da Cindo, in gaya masa zai mayar da malafa. Sarjan ya kama gwiwar hannuna da ladabi, ya kai ni bayan waya.

Aka fara kiran suna. Wani soja ne ke kira, yana tauna sunayen kamar ƙashi. Da ya kai kan na yaron, mutanen garinmu suka ɗauki ihu, mai kalangu ya saki hannu. Ya miƙe, ya rataya bargon a kafaɗa yadda uwarsa ke yi in za ta rijiya da sanyin safiya, ya nufi kamiyo. Bai waiga ba. Ina jin don kada fuskarsa ta ɓata wa Danda biki.

Ni kuwa so nake ya waigo. Ba ni da wata magana da ta rage, so nake kawai ya juyo in ƙara ganinsa.

"Kai!" na ce. "Kai!"

Filin nan kowa kai ne. Wani soja ya juyo, wani yaro daga Mayahi ya juyo. Mutanen garinmu na ta "Ɗan Mushe! Ɗan Mushe! A sayo muna agogo!" kalangu ya cinye sauran. Na san abin da zai juyo da shi. Da ya ji shi da muryata, ko cikin kasuwa ne sai ya tsaya, don bai taɓa ji ba. Na buɗe baki. Harshena bai san hanyar ba. Yana cikin nema aka saki tamfol.

Kamiyon ya fita, ya hau kwalta, ya juya gabas.

"Shin Yamai ba yamma take ba?" in ji Danda.

Mai gari Manzo ya ce ai akwai filin jirgi a Damagaram. Kowa ya ce haka ne, haka ne. Mai kalangu ya ƙara ɗan bugawa, sannan ya rataya abinsa.

Dawar ta zo kafin sati ya zagayo, ja, mai warin buhu. Garinmu aka fara ba. Ba wanda ya mutu da yunwa a cikinmu a shekarar nan, kuma ni ma na ci. Bayan an buɗe jami'a rediyo ya ci gaba da sanarwar bursi, da sunan ƙasa da sunan karatu, kamar yadda aka saba. Na je Yamai, na je Damagaram, na zauna a bencin ofis iri iri. Ko'ina akan ce mini ba su da labarin wata sanarwa mai bargo.

A garinmu har yau ba wanda ya ce an kama shi. Cewa suke yana ƙasar waje. Da shekaru suka yi nisa suka ƙara masa girma, yanzu Dokta suke ce masa. Danda har ya mutu in mun haɗu sai ya ce, "Mushe, Dokta bai aiko ba?" yana kallon ƙafata. Ni kuma in ce bai aiko ba. Cindo ne kaɗai bai taɓa tambaya ba. Ya kwashe sauran shanunsa ya bar ƙasar, bai jira malafa ba.

Mai karanta labaru ya faɗi sunan, sojan da bai iya karatu ba ya faɗe shi, ya shiga kunnen kowa a filin nan. Ni da na raɗa shi a kunnen liman ranar suna, ban taɓa kiran mai shi da shi ba.

Ishaƙu.