Wayar Auta a Bakin Tafki

Kowa a gidan, Yaya yake kiranta, har mahaifiyarsu, don ita ce babba. Ranar Lahadi da hantsi tana shagonta na ɗinki, allura a baki, aka kira ta a waya aka ce kwalekwalen da Auta ya hau jiya an gan shi a kife a tsakiyar tafki, shi kuwa ba a gan shi ba.

Auta ƙaninta ne, ɗan ƙarshe a ɗakinsu. Sana'arsa ɗora sola a rufin gidaje. Duk ƙarshen wata sai ya ɗaure tanti a bayan babur, ya tafi bakin tafkin nan ya kwana biyu shi kaɗai, wai kunnensa ya huta. Yaya ta sha yi masa tsiya: "Mutum da gadonsa da katifarsa, ya je ya kwanta a kan tsakuwa kamar wanda aka kora!" Shi kuma sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai bari, Yaya, wata rana da ƙafarki za ki zo."

Kawu, wan mahaifiyarsu, shi ya kai ta a tsohuwar motarsa. Mama ba ta iya tafiya mai nisa saboda ciwon gwiwa, aka bar ta a gida da maƙwabta.

Sun tarar da tantin a tsaye a gindin wata bishiya, takalmansa a jere a ƙofa. Can gefe, a kan wani falalen dutse, ga farantin solarsa mai naɗewa a shimfiɗe, an danne kusurwoyinsa da duwatsu. Igiya ta fito daga jikinsa ta shiga wani ƙaramin akwatin batir, daga nan wata ta shiga wayarsa. Wayar a cike take taf. Yaya na tsaye a kanta sai wayar ta fara ruri. Mama ce.

"Mama, ni ce," in ji Yaya.

Tsohuwar ta ce, "Tun jiya nake kira tana shiga. Kada ki bari ta mutu, kin ji? In na ji tana shiga, zuciyata takan ɗan kwanta."

"To, Mama."

Masu nutso huɗu ne suke neman sa, da kwalekwale biyu. Babbansu wani dattijo ne mai furfura a gira, ba ya son yawan magana. Ya ce ruwan yana da zurfi, ga tsofaffin itatuwa a ƙasa, sai an yi haƙuri. Kawu ya so su kama ɗaki a garin da ke kusa, Yaya ta ce ita ba inda za ta. Ta shiga tantin ƙaninta, Kawu ya kwantar da kujerar mota.

Ita da ko kwan fitila ba ta taɓa canjawa ba, cikin kwana ɗaya ta koyi halin farantin nan. Da safe sai ta jingina shi da dutse yana fuskantar gabas. Rana ta yi tsaka ta kwantar da shi. In inuwar reshe ta faɗa ko a kan gefe ɗaya, sai ɗan hasken jikin batir ya daina ƙiftawa, ta ja shi gaba. Ta gano cewa in ta goge fuskarsa da gefen mayafinta ya fi ja. Masu nutso suka fara kawo mata wayoyinsu da tocilarsu ta shiga ruwa, tana jera su bi da bi. Kawu ya dube ta ya ce, "Yau ga tela ta zama injiniya. Da yaron nan zai gan ki, da ya yi dariya har ya faɗi." Suka yi dariya su biyun, sannan Kawu ya juya baya ya daɗe yana gyaran hularsa.

Mama takan kira wayar Auta sau shida, sau bakwai a wuni. Wani lokaci Yaya ta ɗauka. Wani lokaci tsohuwar ta kira wayar Yaya ta ce, "Kada ki ɗauka, ki bar ta ta yi ta yi." Sai Yaya ta zauna tana kallon wayar tana ruri a kan dutse har ta yanke.

Ranar Talata gari ya waye da hadari. Ba ruwa, ba rana, gajimare ne kawai ya rufe sama ruf. Farantin ya wuni a shimfiɗe, abin da ya tara bai taka kara ya karya ba. Washegari ma haka. Kafin tsakar rana ɗigon haske ɗaya ya rage a jikin batir, wayar Auta kuma ta kusa ƙarewa, don kira ya cinye ta. Wurin cajin motar Kawu ya daɗe da lalacewa.

Sai ga dattijon ya zo da wayarsa a hannu, a mace.

"'Yata, iska ta juya. Ina so in kira masunta na can ƙasa, wajen madatsa, su sa ido. Lambobinsu duk a cikin wannan suke."

Yaya ta dubi igiyar. Guda ɗaya ce, abin da ya rage kuma ba zai ishi waya biyu ba. Ta tsuguna, ta daɗe hannunta a kan wayar ƙaninta. Sannan ta zare ta, ta sa ta dattijon.

Wajen la'asar wayar Auta ta ɗauke. Ba a jima ba tata ta yi ƙara.

"Na kira an ce a kashe take," in ji Mama. Muryarta ba faɗa a ciki, kuma hakan ya fi yi wa Yaya ciwo.

"Babu rana, Mama. Masu nema ne suke buƙata, na ba su."

"To. Kin yi daidai." Ta ja numfashi. "Ke kina cin abinci kuwa?"

Yaya ta ce tana ci, ta kashe, ta kifa kai a gwiwa. Kukan da ba ta yi ba tun ranar Lahadi, a lokacin ya zo mata.

Alhamis da sassafe masuntan madatsa suka kira dattijon. Ya saurara, ya ce to, ya zo ya tsaya nesa kaɗan da tantin har sai da Yaya ta ɗago kai.

"An gan shi," ya ce. "Allah ya jiƙansa. Ki bar kawunki ya je, ke ki zauna."

Ta zauna. Da Kawu ya dawo idanunsa jawur, ya ce shi ne, ya gane rigar. Ya ce kada a faɗa wa Mama a waya, gara su je da kansu. Yaya ta rasa yadda ake sauke tantin, sandunan suka ƙi fita, sai dattijon ya karɓa ya haɗa mata komai, ya ɗaure a bayan mota. Ɗaya daga cikin masu nutso ya ce zai kawo babur ɗin daga baya.

Mama na zaune a kan kujerarta a ƙofar ɗaki lokacin da suka shiga. Ta dubi fuskar wanta, ta dubi ta 'yarta, ta gane. Yaya ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta. Can tsohuwar ta dafa kanta ta ce, "Ya ci abinci kuwa kafin ya shiga ruwan?"

"Ya ci, Mama. Na ga tukunyarsa a wanke, ya kife ta."

Mama ta gyaɗa kai a hankali. "Haka yake," ta ce. "Ba ya barin kwano da datti."