Agogon da Na Ɓoye a Buhun Gero

Ni ban san ana mayar da lissafi kiɗa ba, sai da Juwairiyya, 'yar ƙanwata, ta gama jami'a ta dawo Agege da jaka cike da wayoyi. Ta raba wa 'yan dako bakwai na kasuwar Mile 12 da ke nan Legas wani ɗan agogon roba, har da mijina Sanda. Wai su ɗaura kwana bakwai yana ƙirga bugun zuciyarsu, ita kuma ta haɗa wasan haske da sauti da shi.

Sanda ya ɗaura yana washe baki kamar an ba shi sarauta. Ni kuwa matan layin famfo sun riga sun cika min kunne, wai da irinsa ake bin sawun 'yan Arewa a kwashe su. Yini ɗaya kacal ya yi da shi a hannu, da magariba ya cire zai yi alwala, na ɗauke na cusa a ƙasan buhun gero. Ya nema har ƙarƙashin gado. Na taya shi nema, Allah ya yafe min.

Bayan wata huɗu ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Da aka yi sadakar bakwai na miƙa wa Juwairiyya agogon, na ce a bayan akwati na tsince shi. Ta kaɗe geron da ya maƙale a jikinsa, ta sa shi a jaka.

Ina fita takaba sai ga ta. "Inna, ranar Asabar za mu yi wasan a Ilupeju. Ki zo, abeg. Akwai Baba a ciki."

Wani tsohon sito ne, an toshe tagoginsa. Kowane ɗan dako ana haska shi a bango, jan zare yana rawa, ganga na bin bugun zuciyarsa. Kwana guda minti guda. Mutum uku suka wuce, aka rubuta Sanda.

Na gane shi. Ga shi a hankali cikin motar danfo, yana gyangyaɗinsa na safe. Ga shi ya ɗau kwandon tumatir, gangar ta haukace har ina jinta a haƙarƙarina. Shekara ashirin da shida ina kwantar da kai a kan wannan sauti, ban taɓa zaton zan sake jinsa ba. Na gyara zama, ina roƙon kar ya ƙare.

Sai zaren ya miƙe, gangar ta ɗauke.

Juwairiyya ba ta yanke wurin ba. Wata mata kusa da ni tana share hawaye, ta ɗauka rasuwarsa ake nunawa. Ni kaɗai da Juwairiyya muka san a kwanakin nan yana raye, yana dako, yana tsokanata kan gishirin miya.

Minti shida na zauna ina sauraron cikin buhun gerona.