Bakwainin Shatu

…to, su faɗa. Su yi ta faɗa, Shatu, ba zan ajiye shi ba. Tare muka tashi da ke, tare muka yi goyon ciki, ga shi kin tafi wurin haihuwa kin bar shi. Kwana uku a duniya, bakwaini, fata kamar ta ɗan tsako. Ni kuma tawa 'yar, yau kwana tara da aka fita da ita a tabarma. Rigata jiƙe take tun safe. Ga nono babu mai sha, ga mai sha an ce kada in ba shi. Wannan wane irin hankali ne?

Malamar asibiti ta buɗe mana kabad, wayam. Madarar gwangwani ta ƙare tun watan jiya, motar Sakkwato ba ta zo ba. Ta ce a nemo mai shayarwa, in ba haka ba da wuya ya kai jibi. A nemo ta ina? Da a garinmu ne, kafin ruwan dam ya cinye shi, gida uku za a leƙa a samu. Yanzu kowa ya watse — wasu Bakura, wasu Maradun, mu nan Mafara a ɗakin aro. Ƙanwarki Habiba ta ƙi, wai in ya sha nata ya haramta ga 'ya'yanta mata. Aure! Yaron da bai buɗe ido ba ake maganar aurensa.

Ni da na miƙa hannu… Inna Taiba, surukarki, ta sa na tatsa a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki. Ta yi iyo, ta yi iyo — ta tsaya.

"Kin gani, Kaltumi? Nonon ga shi yak kashe ɗiyakki. Aje muna yaro."

Ko a kunu aka jefa ta ai mutuwa za ta yi! Zazzaɓi ne ya ɗauke 'yata, ni na riƙe ta, jikinta rau da zafi, ni na sani. Na sani… na sani ɗin?

Nonon akuyar da suka ɗura masa jiya duk ya amayar. Wannan ba a gwada shi da tururuwa ba.

Inna ta fita alwalar azahar. Na juya wa ƙofa baya. Bakin nan ɗan mitsitsi, ba ya kamawa. Na ɗiga masa a leɓe. Kama mana, ɗan Shatu, kada ka kunyata ni… Ga ƙarar takalmanta a baranda. In ta ga dama ta shigo, ta tara mini mutanen asibitin duka, ko a jikina.

Ya kama. Maƙogwaronsa ya motsa — sau ɗaya, sau biyu. Ya haɗiye.

Shi ke nan, ya wuce ciki, babu mai fito da shi. Ɗana ne yanzu, Shatu, har gaban Allah. In ya rayu nawa ne. In kuma gobe na taɓa shi na ji jikinsa da zafi —

Biyu ke nan na rasa. Ban yi wannan tunanin ba. Yana ta ja.