Kwamfutar da Harisu Ya Aiko

A shekarar da Sharifa ta haƙura da neman aikin gwamnati ne yayanta Harisu ya aiko mata da kwamfuta daga Jidda. Ta gama difloma da sakamako mai kyau, amma duk ofishin da ta shiga a Gadarif tambaya biyu ake yi mata: wa ya tsaya mata a cikin mutanen jam'iyya mai mulki, kuma a ina aka haifi kakanta. Kakanta makiyayi ne da ya taso daga yamma da niyyar Makka, ya tsaya noman dawa a nan har ƙasa ta rufe shi. Wannan amsar ba ta taɓa gamsar da kowa ba.

Harisu wankin mota yake yi a Jidda, ba shi da takardar zama. Kwamfutar tsohuwar hannu ce, ta wani kamfani da ya sake kayan aiki. Wani alhaji ne ya taho da ita, an naɗe ta da bargo kamar jaririya.

"Ki riƙa buga wa ɗaliban jami'a takardunsu a gida," in ji Harisu a waya. "Ba mai tambayarki kakanki, ba ɗan sandan da zai tare ki a hanya yana auna mayafinki."

Gidan na goggonsu ne, Hajo, ƙanwar mahaifinsu, wadda ta rene su tun rasuwar iyayensu. Sana'arta dandurma: takan dama tsamiya da kuka da zoborodo, ta ƙulla a 'yan ledoji, ta daskarar da su a tsohuwar tallajarta, wato firizar da ke can ƙuryar ɗakinta, ta sayar wa 'yan makaranta. Da wannan ake cefane. Goggo ce ta share ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ce nan ne ofis.

Aiki ya fara zuwa. Sharifa tana da saurin hannu, ba ta kuskuren Larabci, kuma 'yan mata sun fi sakewa da ita a kan shagunan maza na kasuwa. Sai wata rana da hantsi, tana tsakiyar shafi, allon ya yi baƙi. Na'urar ta yi ƙit, ta sake tashi da kanta kamar ba abin da ya faru. Abin da ta buga tun safe ya tafi.

Ta ce tsautsayi ne. Washegari ya sake faruwa, sau biyu. Jibi bai faru ba sam. Gata kuwa tun ba ta gama bisimilla ba.

Da abin yana da lokaci, da ta san yadda za ta zauna da shi. Ba shi da shi. Wata rana sai ta yi aikin yini lafiya lau, wata rana ko layi uku ba za ta haɗa ba. Ta koyi adana rubutu bayan kowace jimla. Ko tana cin abinci kunnenta yana wurin wannan ƙit ɗin.

Ta ɗora akwatin kwamfutar a raksha, keke mai ƙafa uku, ta kai kasuwa wurin Usta Sami, mai gyaran da kowa ke yabo. Shagonsa ɗan ƙarami ne, cike da gawarwakin na'urori har rufi.

"Fairus ne, ya ustaza," ya ce tun kafin ya buɗe. "Waɗannan ɗaliban da filashinsu, cuta suke yawo da ita."

Ya wanke mata kwamfutar tas, ya sake zuba mata komai sabo. Ta koma gida da murna. Kafin la'asar allon ya yi baƙi.

Zuwa na biyu ya kwance murfin, ya hure ƙura da datti, ya nuna mata fankar ciki da ta cushe. Ya ce zafi ne, zafin Gadarif ko ƙarfe ba ya ɗauka. Ya shafa wani farin man shafawa a kan ƙwaƙwalwar, ya ce ta bar murfin a buɗe ta kunna mata fanka. Sharifa ta juya fankar ɗakin ta fuskanci na'urar, ita kuma ta zauna gumi yana bin bayanta. Bai hana komai ba.

Zuwa na uku ya zare wasu siraran allunan da ya kira ram, ya goge bakinsu da magogin fensir, ya sauya ɗaya da wani da ya ciro daga wata matacciyar kwamfuta.

"Sabo babu," ya ce. "Takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar nan ya sa duk abin da ke kasuwa ragowar Dubai ne. Ki bar min ita ta kwana biyu, in gani da idona."

Ta bar ta. Da ta dawo sai ta tarar da ita a kunne a kan teburinsa, tana aiki sumul.

"Tun da kika tafi ba ta ko yi tari ba," in ji Sami. Ya dube ta ta saman tabarau. "Kin tabbata ba wani abu kike dannawa ba?"

Wannan tambayar ta fi komai yi mata ciwo, don ita ma ta fara yi wa kanta. A gida kuwa maƙwabta sun riga sun yanke hukunci: bakin mutane ne, yarinya ta samu abin da 'ya'yan wasu ba su samu ba. Goggo ta karɓo rubutu ta yayyafa a kusurwoyin ɗakin, ta turara habbatussauda. Sharifa ba ta hana ta ba. Ɗalibai suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, sai dai a ce, "Malesh, ki yi haƙuri, lokaci ya ƙure mana."

Abin da ya rage wa Sami shi ne akwatin da ke raba wuta a cikin na'urar. Ya ce idan ba shi ba ne, to shi dai iliminsa ya ƙare. Sharifa ta cire 'yan kunnen da ta gada daga mahaifiyarta ta kai wa maƙerin zinariya, aka sa wani akwatin.

A makon ne aka aiko wa Goggo da rasuwar wata ƙawarta a Showak. Ta rabar da sauran dandurmarta, ta zare wayar tallaja don kada wuta ta ƙone a banza, ta tafi zaman makoki.

Kwamfutar ta warke. Yini ya wuce, wani ya biyo, ko gezau. Sharifa ta mayar da murfin, ta juyo da fanka wajenta. Ta kira Sami ta yi masa godiya, ta kira Harisu har tana dariya.

Cikin wannan sauƙin ne Ustaz Suleiman ya zo. Malamin firamare ne a Doka, gashinsa ya fara furfura, ya shafe shekaru yana rubuta kundin digirinsa na biyu da hannu, tsakanin aji da gonar dawa. Jami'a ta ba shi wa'adi na ƙarshe. Ya ajiye mata damin takardu da aka ɗaure da igiya.

"An ce min na'urarki tana da ciwo, 'yata."

"Ta warke, ya ustaz. Na rantse maka."

Ya yarda da ita. Duk Juma'a yakan hawo lori daga Doka, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, tana karanto masa abin da ta buga yana gyarawa da baki. Babi biyu na ƙarshe ma ba su cika a takarda ba, daga kansa yake faɗa tana bugawa.

Goggo ta dawo, ta dama tsamiyarta, rayuwa ta koma yadda take. Ciwon ma ya dawo.

Wannan karon ya zo da sabon salo. Bayan mutuwa da tashi, sai na'urar ta riƙa sandarewa. Kibiyar da ke kan allo ta kafe, rubutu ya tsaya cak, ba abin da ke motsi sai an kashe ta da ƙarfi. Daga ciki kuma ana jin wani ɗan sauti, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ƙwaro a cikin buhun hatsi. Sharifa ba ta gaya wa Ustaz ba. Ta yi ƙoƙarin kwafe aikin a filashi; babin farko da na biyu suka wuce, a na uku komai ya daskare. Ta sake gwadawa, ya tsaya a wuri guda.

Ta je shagon Sami ba tare da kwamfutar ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ba za ta tafi ba sai ya biyo ta.

"A wurinka lafiyarta ƙalau, a wurina tana mutuwa. To zo ka gan ta a inda take mutuwa."

Ya rufe shago ya ɗauko ma'aunin wuta. A ɗakin ya cusa wayoyin ma'aunin a jikin soket, ya zauna a kan tabarma yana kallon allurar. Goggo ta kawo masa shayi. Shayin ya huce, ba abin da ya faru. Har ya fara tattara kayansa, sai allurar ta faɗi ƙasa ta dawo, fankar ɗakin ta yi wani ɗan nishi, allon ya yi baƙi.

"Me aka kunna yanzu?" ya ce da sauri.

"Ba a kunna komai ba."

"An kunna. Ku yi shiru."

Suka yi shiru. Daga can ƙarshen gidan wani gurnani yana tasowa a hankali, wanda Sharifa ta saba ji tun tana yarinya har kunnenta ya daina kama shi.

Sami ya bi wayar da ido, daga ɗakin, ta kan katanga, har ɗakin Goggo. Siririyar waya ce guda, rana ta cinye fatarta, ita ke ciyar da gidan duka. Ya ce injin tallajar ya tsufa. Duk lokacin da sanyinta ya ragu sai ya tashi da kansa, kuma a tashin nan yakan zuƙe wutar gidan na ɗan ƙiftawar ido. Fitila ba ta damu ba, fanka ba ta damu ba. Kwamfuta kuwa a wurinta mutuwa ce.

"Da munazzim aka sa mata tun farko, mai riƙe wuta daidai, da duk wannan bai faru ba," ya ce, bai dubi kowa ba. "Ni ma ban kawo shi a raina ba. Wallahi ban kawo ba."

"To yanzu a zare tallajar," in ji Sharifa. "In gama aikin Ustaz kawai."

Aka zare. Sami ya kunna na'urar. Ƙas, ƙas, ƙas. Wani farin rubutu ya fito a kan baƙin allo, daga nan ba ta ƙara gaba ba. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya ciro faifan da ke adana komai ya kara a kunnensa. Ya ce yawan yankewar wuta yana tsakiyar rubutu ne ya raunata shi, tun watanni yake mutuwa a hankali. Ya tafi da shi shago, daga baya ya aika wa wani abokinsa a Khartum. Amsar da ta dawo ita ce a yi haƙuri.

A ranar, da Sami ya fita da faifan, Goggo ta koma gefe. Ta zauna a bakin ɗakinta, hannuwanta a kan gwiwa.

"Ashe ni ce," ta ce. "Ina ta neman mai baki a waje, ashe a ɗakina yake."

"Goggo, ki bar faɗin haka."

"Zan sayar da ita."

"Mu ci me?"

Can da yamma Sharifa da kanta ta je ta mayar da wayar tallajar, don dandurmar gobe ta fara narkewa.

Ranar Juma'a Ustaz Suleiman ya sauko daga lori da farar jallabiyarsa, ya yi sallama da fara'a. Sharifa ta gaya masa a tsaye. Ta miƙa masa filashi mai babi biyu da damin takardunsa. Ya daɗe yana kallon igiyar.

"Waɗanda na faɗa miki da baki fa?"

Ta girgiza kai.

Ta so ya yi faɗa, ya tuna mata rantsuwar da ta yi masa. Bai yi ba. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya tambayi lafiyar Goggo, ya rungume takardunsa ya fita. Daga baya ta ji cewa wa'adin ya wuce shi, bai kuma sake nema ba.

Ta kira Harisu ta faɗa masa komai. Ya ce kada ta damu, bayan aikin hajji zai aiko da faifai da munazzim gaba ɗaya. Hajji ya wuce, wayarsa ta daina shiga. Wani ɗan unguwarsu da ya dawo ya ce an yi kame a wurin wankin motar, an kwashe marasa takarda, ba wanda ya san ranar da za a sako su.

Da kaka ta yi, wani dillali ya shigo unguwar yana neman mata masu yankan riɗi a manyan gonakin Basunda. Sharifa ba ta taɓa riƙe lauje ba. Ta ba da sunanta. Goggo ta yi kuka, ta ce ba don wannan aka yi karatu ba, sannan ta tashi ta soya mata gyaɗa ta ɗaure a ƙyalle.

Da safe lorin ya tsaya a bakin titi, mata suna hawa da ƙullin kayansu. Wata dattijuwa ta miƙo hannu ta jawo Sharifa sama, ta juya tafin hannunta ta duba.

"Wannan hannun zai sha wuya, 'yar nan," ta ce. "Ki naɗe shi da tsumma tun ranar farko."

Sharifa ta ce to. Ta matsa ta ba wata wuri, lorin ya tashi.